Yogot ɗin kanti ko nonon ƙwarya?

Malam, ka tambaya ko masu sayen yogot mai tsada don lafiya suka yi ko burga. Duka biyu akwai wallahi. Wani dai yana ganin jiki amana ne, to gara ya kashe kuɗi kan abin da zai gyara mai ciki, wata uwa kuma tsoron a ce ta yi sakaci da ɗiyanta ne, sai masu son a gan su da leda a Gusau, su kam mun san su.

Abin da anka ce probiotic a cikin yogot ƙwayoyin halitta ne masu rai irin su Lactobacillus, kuma su ne dai ke sa madara ta yi tsami ta zama nono da kindirmo, kakanninmu sun sha da fura ba tallan kowa. Ni nakan saye wurin 'yar Fulani don kuɗin ya shiga ruga, amma sai na tambaya ko an tafasa madarar, don ɗanyar madara na iya kawo tarin fuka. Na kanti ma in an sake dafa shi bayan ya yi tsami ƙwayoyin sun mace, sukari kawai ka saya.