Me ya sa ake cewa a cire hular kwano a gidan mai a Birtaniya?

Malam, ka ce ma'aikacin gidan mai ya ƙi buɗe maka famfo sai ka cire hular kwano, kana tambaya ko doka ce. Ba doka ba ce, ƙa'idar gidan man ce, amma suna da ikon ƙin sayar maka.

Satar mai suke tsoro. A can sai ka zuba kafin ka biya, babur kuma lambarsa a baya kawai take, don haka kyamara na buƙatar fuskarka. Sannan ba a yarda ɗan ƙasa da shekara 16 ya zuba fetur ba, ta fuska suke kimanta shekaru.

Ka kashe injin, ka sauka, ka kafe babur, sannan ka cire. In hularka mai ɗaguwa ce ta gaba, galibi ɗaga ta ya wadatar. Famfon da ake biya da kati a jikinsa ya fi sauƙi.

Kada ka ajiye hular a ƙasa, fetur na cin soson da ke cikinta. Kada kuma ka ɗora ta kan sirdi, faɗuwa take yi.

In kana ganin an ware ka ne saboda addini ko wata lalura, tuntuɓi Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu, kan dokar daidaito ta 2010 wadda ta hana nuna wariya.