Kundi, Gafaka da Fihirisi: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga unguwar Gidadawa a nan Sakkwato ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, mun gaji littattafan kakanmu, muna son mu rubuta abin da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Mene ne sunan wannan aiki, kuma mene ne bambancin kundi, tadarishi da gafaka?"

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Abin da za ku fitar sunansa fihirisi, kalma ce da muka aro daga Larabci, malaman zaure kuma sun daɗe suna kiran shafin da ke nuna babobin littafi da ita. Idan ka ce "jerin littattafai" kowa zai gane, sai dai jeri yana iya tsayawa a kan sunaye kawai, alhali fihirisi na gaskiya yana faɗin sunan littafi, mawallafinsa, wanda ya kwafa shi, yawan takardunsa, fannin da ya ƙunsa, da ko cikakke ne ko wani abu ya ɓace daga farko ko ƙarshe.

Gafaka ita ce jakar fata mai maratayi, tadarishi kuwa shi ne bangon da ake saka takardun a ciki, domin littattafan magabatanmu ba ɗinkakku ba ne. Kundi shi ne ya fi buƙatar bayani. A asali tarin takardu ne da malami yake rubuta wa kansa fa'idoji, addu'o'i da laƙani, sau da yawa ba ya nuna wa kowa sai wanda ya amince da shi. Daga baya ne ma'anar ta faɗaɗa har muka sami kundin tsarin mulki da kundin digiri. Ina roƙonku kada ku raina kundin kakanku don ba shi da suna ko mawallafi, domin a cikinsa ne za ku fi jin muryarsa.

Akwai kuma wani wuri da harshenmu yake iya ruɗa mai wannan aiki. Idan aka ce "littattafan Shehu", ana iya nufin waɗanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya wallafa, ana kuma iya nufin waɗanda ya mallaka ya karanta, irin waɗanda aka yi hijira da su daga Degel zuwa Gudu a 1804. An yi ƙoƙari sosai wajen tattara na farko, amma na biyu su ne suke gaya mana abin da ya gina tunanin mutum. Malam Abdullahi na Gwandu ya gane haka, shi ya sa a littafinsa Ida'un Nusukhi ya ambaci malamansa tare da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Saboda haka ku bambanta wallafa da mallaka a fihirisinku, ku rubuta duk abin da kuka gani a gefen shafi, ku duba ƙarshen littafi inda wanda ya kwafa shi yakan ce "tammat", wato ya kammala, ya faɗi sunansa, wani lokaci har da shekara ta hanyar ramzi, wato haruffan da ke tsayawa a madadin lambobi. Ku ɗaga takarda a haske. Idan tambarin jinjirin wata uku ya bayyana, galibi takardar Italiya ce da fatake suka shigo da ita ta Sahara. Kada kuma ku sake tsarin gafaka don ya yi muku kyau, domin yadda mai ita ya haɗa littattafansa shi ma shaida ne. Taskar Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ta zama madogarar masu binciken tarihin Daular Usmaniyya ne domin an san abin da ke cikinta, an kuma bari an duba.

Wata malama daga Wurno ta tambaya: "Malam, na ji an ce wa masu gadon littattafai 'rashin sani, kaza ta kwana a kan dami'. Zagi ne?"

Malama, ba zagi ba ne, jan hankali ne. Kaza ta kwana da yunwa alhali hatsi yana ƙarƙashinta, kuma karin bai ɗora laifin a kan kazar ba, ya ɗora shi a kan rashin sani. Ana buga shi ga duk wanda biyan buƙatarsa yake hannunsa bai gane ba. Abin da ya fi damuna a gidajen malamai shi ne rubutun ajami, na Hausa da na Fulatanci, irin wanda Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta da shi: jikokin da suka iya Larabci sukan ɗauka kuskure ne, waɗanda suka iya boko kawai ba sa iya karanta shi, sai a ture shi gefe har gara da ɗigar damina su cinye. Idan kuna da irinsa, ku nemi dattijon da ya saba da ajami ya zauna da ku kafin a fara rubuta fihirisin.