Barka Za Ki Yi Mata Ko Jaje?

'Yata, saƙonki ya iso ni lafiya, kuma na ji daɗi da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki buɗe baki. Kin ce abokiyar aikinki Baturiya ta gaya miki iyayenta sun yi ritaya, sun sayar da gidansu na Ingila, sun tattara nasu ya nasu sun koma Sifen da zama, ga jikoki biyu sun baro a baya. Kika rasa barka za ki yi mata ko jaje. Kika kuma tambaye ni, shin al'adarsu ce haka, ko faɗa aka yi a gidan?

Ba sai an yi faɗa ba. Al'ada ce, ko da yake ba tsohuwa ba ce sosai, kuma tushenta fansho. Jamus ta kafa dokar biyan tsofaffi fansho tun 1889, Ingila ta yi dokar nata a 1908, Amurka a 1935. Da tafiya ta yi tafiya, sai tsohonsu ya daina sa ido kan aljihun ɗansa, shi ma ɗan ya tashi bai san ana jiransa ba. Kuɗin tsufa kuwa suna bin mutum duk inda ya sa ƙafa. To mutumin da sanyi ya hana gaɓoɓinsa sakat, ya ga kuɗin ɗan gidansa na Ingila za su saya masa wani a bakin teku har ya samu canji, me zai zaunar da shi? Tun wajen shekarun 1960 jirage suka fara kwasar su zuwa hutu a gaɓar tekun Sifen, suka ɗanɗana rana, suka ce in mun gama aiki nan za mu dawo. Mutanen Ingila da Jamus sun fi yin Malaga da Alikante a Sifen, ko Algarbe a Fotugal. Amurkawa da 'yan Kanada sukan gangara Meziko, bakin tafkin Chapala, ko Fanama. Wasu kuma Tailan. Akwai ma waɗanda ba sa tarewa gaba ɗaya, hunturu kawai suke gudu, in ya wuce su koma. Mu ci-rani muka sani, su cin hunturu suke zuwa.

Amma abin da na fi so ki gane ba dalilin tafiyar ba ne, zaman ne. Na taɓa kwana huɗu a wurin wani tsohon abokin aikina, mutumin Ingila, da ya tare kusa da Alikante shi da matarsa. Kafin in je na ɗauka zan tarar da mutumin da ya ajiye duniya ya huta. Safiyar farko na fito baranda na same shi da tabarau a kan hanci, shayinsa yana hucewa, ya ƙura wa waya ido. Na ce lafiya? Ya ce fam yake dubawa. Kullum sai ya duba kafin ya kurɓi komai. Fanshonsa da fam ake biya, kuɗin wuta da cefane da yuro yake biya, don haka kasuwar canji ce ke yanka masa albashi, ba gwamnati ba. Ya ce bayan ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 2016, wadda Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, cikin 'yan makonni fam ya zube da kusan kashi 10 cikin ɗari, yana zaune a kujerar nan abincin bakinsa ya ragu bai yi wa kowa laifi ba.

Shi ma da sauƙi, don a Sifen ana ƙara masa fanshon gwamnati duk shekara kamar yana gida. Ɗan'uwansa da ya zaɓi Kanada ko Ostireliya ko Afirka ta Kudu ko Tailan, Birtaniya ba ta ƙara masa ko kwabo. Abin da ya fara karɓa a can shi zai ci gaba da karɓa har ya mutu, kaya su yi tsada ko su yi araha. In kina son ki ga tsohon Bature ya fusata, taɓo masa wannan zancen.

Bayan shayi ya ja ni ɗaki ya buɗe min wata durowa. Takardu ne cunkus, kowace da fayil ɗinta: ta izinin zama, ta rajistar unguwa, ta haraji, ta asibiti. Ya zaro guda ɗaya yana dariya, ya ce wannan ita ce ya fi ƙauna. Takarda ce hukumar fansho ke aikowa lokaci-lokaci, sai ya nemi shaida ya sa hannu cewa har yanzu yana numfashi. In ta ɓata a hanya ko ya makara, a tsayar da kuɗin. Ya ce, "Ka ga, ina raye, amma sai gidan waya ya yarda."

Takardu su ne rabin hirar waɗannan mutane, ko'ina suke. A Tailan sai ka kai shekara 50, ka nuna bat 800,000, wato kuɗinsu, a bankin ƙasar ko bat 65,000 da ke shigo maka duk wata, sannan duk kwana 90 ka sanar da hukumar shige da fice inda kake kwana. Fanama tana neman fanshon dala 1,000 a wata, ita kuma tana yi wa tsoho rangwame a magani da tikiti da otal. Ba'amurke kuwa ko ina ya gudu sai ya cike wa ƙasarsa takardar haraji duk shekara, don Amurka ɗan ƙasa take bi, ba mazauni ba. Kuma dokar da ta shigo da kai ba lalle ita za ta raka ka ba. Fotugal ta buɗe wa baƙi rangwamen haraji a 2009, ta rufe wa sababbin zuwa daga 2024. Mutanen Birtaniya da suka saba shiga Turai kamar ɗakin uwarsu, tun farkon 2021 wanda ba shi da izinin zama kwana 90 kawai yake da shi cikin kowane 180. Daga Mayun 2022 zuwa Maris ɗin 2023 ma, mazauna Sifen da ba su canja lasisin tuƙinsu na Birtaniya ba an hana su tuƙi, sai da ƙasashen biyu suka daidaita. Ki kwatanta tsohuwa a gida bayan gari, mota a ƙofa, kantin magani da nisa.

Ra'ayinsu fa? Nan ne abin dariyar yake. In sun taru da yamma, rabin hirar kushe ƙasar da suka baro ne: ta lalace, ta yi tsada, baƙi sun cika ta. Ɗaya rabin kushe ƙasar da suka zo ne: ofis ba ya buɗewa kan lokaci, mai gyaran famfo ya ce gobe ya zo jibi. Na tambayi wani a teburin, shekararsa nawa a nan? Ya ce goma sha biyu. Na ce to yaren fa? Ya ce ya iya neman kofi da tambayar kuɗinsa. Shi ne kuma ya fi kowa ƙorafin baƙin da ba sa koyon Turanci a Ingila. Ban ce masa komai ba, baƙo nake. Ba sa ma son a kira su 'yan ƙaura, suna da wani suna mai daɗin ji da suke kiran kansu da shi, alhali laifi tudu ne. Kada dai in yi musu kuɗin goro: matar abokina ta zage ta koyi Sifananci, tana zuwa aikin sa kai, maƙwabta na gaishe ta da sunanta. Na lura mata sun fi maza wannan ƙoƙarin.

Su ma masu ƙasa ba kullum suke murna ba. Baƙo mai fanshon ƙasar waje yana biyan hayar da ɗan gari ba zai iya ba, sai haya ta tashi, yaran gari su koma bayan gari. A Afrilun 2024 dubban mutane sun fito zanga-zanga a tsibiran Kanari na Sifen kan tsadar gidaje da yawan baƙi. Masu hankali a cikin baƙin suna jin nauyin wannan, suna kuma faɗa.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. Mai shekara 65 ne yake yanke shawarar ƙaura, da ƙafafunsa biyu da matarsa a gefe, amma mai shekara 85 ne zai zauna da ita. Shekara goman farko daɗi ne zalla. Sai gwiwa ta fara, sai ido, sai ɗaya ya riga ɗaya. Ba'amurke yakan tarar inshorar tsofaffi ta ƙasarsu, Medicare, wadda ya yi shekaru ana cire masa kuɗinta, kusan ba ta biyan komai a wajen Amurka, ita kuma inshorar 'yan kasuwa tsadarta da shekaru take tafiya. Ɗan Birtaniya a Sifen yana da takardar da ake kira S1, ƙasarsa ta biya masa asibitin gwamnati, amma takarda ba ta yin tafinta. Yaya za ka kwatanta wa likita irin ciwon da kake ji a ƙirji da yaren da ka iya neman kofi kawai? A asibitocin Sifen kuma ana sa ran dangi su zauna da majinyaci su taimaka masa, shi kuwa danginsa suna nisan jirgi. In gigin tsufa ya shigo, sau da yawa yaren da aka koya da girma shi ke fara gudu.

Komawa kuma ba wasa ba ce. Gidan da ya sayar ya ninka kuɗi, wanda ya saya bai bi shi ba, abokan da ya bari wasu sun rasu, jikokin da ya sani a waya sun zama samari suna gaishe shi kamar baƙo. Hatta mutuwa da nata takardun. A Sifen akan yi jana'iza cikin kwana ɗaya ko biyu, su kuwa sun saba da mako biyu ko fiye, don haka 'ya'ya kan sha gudu a filin jirgi. Dokar gado ma daban ce: Sifen da Faransa suna ware wa 'ya'ya kaso dole, Ingila tana barin mutum ya ba wanda ya ga dama. Tun Agustan 2015 dokar Tarayyar Turai ta yarda baƙo ya rubuta a wasiyyarsa cewa dokar ƙasarsa yake so a bi, wanda bai rubuta ba ya bar wa magada aiki.

Daren da zan tafi na tambayi abokina ko yana nadama. Ya daɗe bai amsa ba. Ya ce shi bai taɓa yi ba, amma sun yi yarjejeniya da matarsa, duk wanda ya rage shi kaɗai ya sayar da gidan ya koma kusa da 'yarsu, kada ya tsaya taurin kai. Matar tana kicin tana jin mu, ta ɗaga murya ta ce shi ya yi yarjejeniyar, ita ba ta sa hannu ba.

Saboda haka kada ki yi wa abokiyar aikinki jaje, za ta ɗauka kin raina iyayenta, kuma kada ki tambaye ta wa zai kula da su, wannan tambayar ita ke hana ta barci ba sai kin tuna mata ba. Ki yi mata barka, ki ce kina musu fatan zama lafiya. Ki tambaye ta wane gari suka sauka, da yaushe za ta kai yaran su gan su. In ta buɗe miki ciki da kanta, to ki saurara. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce mata ina nan tafe bayan wata.

Kawunki.