Amsa ga mai tambaya kan katifar ulu

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki saya wa mahaifiyarki katifar ulu, wato wadda aka cika da gashin tumaki, tunda ta soso tana sa ta zufa a zafin Gusau. Na daɗe ina kwana a kan irinta, kafin nan kuma na kwana a kan ta auduga da ta rimi, saboda haka ga abin da na gani.

Da farko ki sani cewa tumakinmu, Uda da Balami da Yankasa, gajeren gashi gare su wanda ba a yin ulu da shi, don haka duk katifar ulu ta gaskiya shigo da ita ake yi, ko kuma a shigo da gashin daga ƙasashe irin su Ostireliya da Turkiyya. Idan mai shago ya ce miki tasa ta gida ce kuma ga araha, to ki nemi ya farke gefen ɗinkin ki ga cikin da idonki. Ki tsinko kaɗan ki kusantar da ashana. Ulu na gaskiya ba ya kama wuta da sauri, yana ƙaurin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu mai murmushewa tsakanin yatsu, amma zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Wanda ya ƙi yarda da wannan gwaji, ki bar masa kayansa.

Game da zafi kuwa, ulu yana iya shan danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji ya jiƙe ba, shi ya sa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, mutum ba ya tashi ya tarar da zanen gado ya manne masa a baya. Da hunturu kuma yana riƙe ɗumi. Sai dai yana kwantawa a watannin farko, musamman daidai ƙugu, kuma ga dattijuwa mai ciwon baya wannan ramin ba ƙaramar matsala ba ce. Ki zaɓi mai tauri wadda aka huda da zare daga sama har ƙasa aka ƙulle a jere, domin ƙullin ne ke hana cikin taruwa gefe guda, sannan a riƙa juya ta akai-akai. Kada a shimfiɗa ta a kan siminti kai tsaye, domin da damina ƙasanta zai yi danshi ya yi wari. Gado mai katakai jere da iska ke ratsawa ya fi. Asu ma yana cin ulu, don haka shanya a rana wajibi ce.

Idan kuɗin ya yi yawa, katifar auduga ba abin rainawa ba ce, ga ta kuma noman Zamfara, in dai an gurje ta sosai, domin anguryar da ta saura a ciki ita ke kiran ɓeraye. Ta rimi ta fi sauƙin ɗauka, amma tana kama wuta nan take, ba zan sa ta a ɗakin da ake kunna garwashin turare ko maganin sauro ba. Kowacce kika ɗauka, ki tambayi mai ɗinkin ko zai iya buɗe ta ya buge cikin ya ƙara idan ta kwanta, ku kuma yi cinikin wannan aikin tun kafin ki biya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya.