Filin Tambaya da Amsa: Ashe babba ma yana buƙatar rigakafin ciwon hanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 41. A watan da ya gabata maigidana ya je ba wani ɗan'uwansa jini, sai aka ƙi karɓa, aka ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, alhali bai taɓa kwanciya jinya ba, kuma bai taɓa yin ciwon shawara ba. An ce ni ma in je a yi mini allurar rigakafi, amma ni a sanina rigakafi na jarirai ne. Wane amfani za ta yi mini bayan mun shekara 18 da aure? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ya kuma kwantar miki da hankali. Allurar za ta iya yi miki amfani ƙwarai, amma abin da ya kamata ki fara yi shi ne gwajin jini, domin shi zai nuna matsayinki. Akwai gwajin da ake kira HBsAg, wanda yake nuna ko ƙwayar cutar tana jikin mutum a yanzu, akwai kuma anti-HBc da anti-HBs, waɗanda suke nuna ko ta taɓa shiga jikinsa da kuma ko ya samu garkuwa. Idan aka ga kina ɗauke da ita, allurar ba za ta warkar da ke ba, kulawar likita kike buƙata. Idan aka ga ta taɓa shigarki jikinki ya kore ta, wanda hakan yakan faru ga ma'aurata da yawa ba tare da sun sani ba, to kin riga kin samu garkuwa. Idan kuwa ba ki taɓa haɗuwa da ita ba, kina cikin waɗanda suka fi kowa buƙatar allurar, kuma bai kamata ki jinkirta ba. Kafin ki kammala ta, ku riƙa amfani da kwaroron roba a mu'amalar aure.

Tunanin da kike da shi cewa rigakafi na jarirai ne, shi ne tunanin mafi yawan manya, kuma yana da asali. An fara amincewa da allurar a Amurka a 1981, aka fito da irin wadda ake amfani da ita yanzu a 1986, sannan a 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukkan ƙasashe da su sa ta cikin rigakafin yara. An mai da hankali kan yara ne saboda jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, cikin kowane 10 kimanin 9 cutar takan zauna a jikinsu har tsawon rai, yayin da a cikin manya waɗanda take zaune musu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Sai dai ƙasashe da dama sun ɗauki shekaru kafin su fara aiwatar da shawarar, don haka galibin waɗanda suka manyanta a yau sun wuce shekarun rigakafin yara kafin allurar ta iso gare su, kuma a wurare da yawa ba a koma an neme su ba. Wannan giɓin ne ya sa hukumomin lafiya na Amurka suka ba da shawara a 2022 cewa a yi wa duk wani babba mai shekara 19 zuwa 59 allurar, ba tare da an tsaya yi masa tambayoyi a kan yadda yake rayuwa ba. Ina ganin hikima a wannan mataki, domin mutane da yawa kunya ce take hana su nema, suna gudun a yi musu mummunan zato.

Abin da ya faru da maigidanki kuwa shi ne halin wannan cuta. Takan shafe shekaru 20 ko 30 tana cin hanta a ɓoye, mutum yana harkokinsa lafiya ƙalau, sai bayan hantar ta yi tabo ta taurare, ko sankara ta kama ta, sannan alamomi su bayyana. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da nau'in B, kuma ta kashe kimanin miliyan 1.1 a wannan shekarar kaɗai. Abin da ya fi damuna a cikin rahoton shi ne, kashi 13 cikin 100 ne kacal na masu ɗauke da ita aka gano ta hanyar gwaji. Saboda haka gano ta da aka yi a jikinsa tun yana da ƙarfinsa alheri ne babba. Ya riƙa zuwa ana duba hantarsa a kai a kai, kuma idan likita ya ga buƙata akwai magunguna irin su tenofovir da entecavir da suke danne ƙwayar cutar su rage haɗarin sankara. A gwada 'ya'yanku duka, a yi allurar ga wanda ba shi da garkuwa. Kada a ware masa kwano ko kofi, domin ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko musafaha, ko tari. Ta jini da ruwan saduwa take bi, kuma ƙwayar tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, shi ya sa reza, da buroshin haƙori, da abin yanke farce, kowa ya riƙe nasa.

Tambaya: Likita, an yi mini allura ta farko da ta biyu shekara biyu da suka wuce, sai tafiya ta kama ni ban karɓi ta ukun ba. Wani ya ce mini sai na sake daga farko, wani kuma ya ce biyun sun wadatar. Wanne ne gaskiya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, duka biyun ba su yi daidai ba. Tsarin da aka fi bi shi ne allura uku a dantse: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da yin ta farko. Idan aka samu tsaiko, komai tsawonsa, ba a komawa farko, domin jiki bai manta da abin da ya karɓa ba, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Amma kada ka raina ta ukun, domin ita ce take ƙarfafa garkuwar ta sa ta daɗe, kuma a nan ne manya da yawa suke yin sakaci, tunda ba su da katin asibiti irin na jarirai ko uwar da za ta tuna musu. Matashi mai lafiya da ya kammala ukun, fiye da 90 cikin 100 sukan samu kariya, wadda takan kai aƙalla shekara 20, kuma ana kyautata zaton har tsawon rai. Idan mutum ya wuce shekara 40 da haihuwa, ƙarfin da jikinsa yake karɓar allurar da shi yana raguwa sannu a hankali, wanda hakan dalili ne na gaggautawa. Idan kai ma'aikacin lafiya ne, ko ana yi maka wankin ƙoda, ko kana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, yana da kyau a gwada jininka wata ɗaya zuwa biyu bayan allurar ƙarshe don a tabbatar ta kama.

Tambaya: Shin wannan allurar tana kare mutum daga kowane irin ciwon hanta? Kuma gaskiya ne tana iya sa wa mutum cutar? Ina da juna biyu, shi ya sa nake tsoro. Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, Allah ya raba lafiya. Allurar ba za ta iya sa miki cutar ba, domin babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, wani ɗan sinadari ne na ɓawon ƙwayar da ake sarrafawa a ɗakin bincike. Abin da aka fi gani bayanta shi ne ɗan ciwo a wurin da aka yi ta, wani lokaci da zazzaɓi mara ƙarfi na kwana ɗaya ko biyu, kuma ana yi wa mai juna biyu da mai shayarwa. Tana kare mutum daga nau'in B, da kuma nau'in D, saboda shi D ba ya iya zama sai a jikin da yake da B. Nau'in A, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci, yana da tasa allurar daban. Nau'in C har yanzu ba shi da rigakafi, sai dai ana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi da ƙwayoyin magani na 'yan watanni. Ki nemi a yi miki gwajin HBsAg a wurin awon ciki, kuma ko mene ne sakamakon, ki tabbatar an yi wa jaririnki allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sannan a bi sauran a kan lokacinsu.