Yaya, ga yadda muke sarrafa dankali a gidajenmu na Sifaniya

Yaya, barkanki da warhaka, da fatan yara da mutanen gida duk suna lafiya. Kin tambaya mene ne wannan tapas da kike gani a hotunan da ake turowa, kuma ko yana ƙosar da mutum. Tapas ba sunan girki ɗaya ba ne. Ƙananan farantai ne da mutanen nan ke ɗan taɓawa da yamma, don su sai ƙarfe 9 ko 10 suke zama cin abincin dare. A mashaya aka fi sayar da shi, kuma da yawansa akwai alade a ciki, shi ya sa mu Hausawan da ke zaune a nan muka mayar da shi girkin gida. Na dankalin turawa muka fi riƙewa, musamman idan za a yi baƙi ko a lokacin buɗa baki.

Babban cikinsu shi ne tortiya, wato wainar ƙwai mai kauri da dankali a ciki. Ki tanadi dankali gram 600, kimanin matsakaita biyar, da ƙwai shida, da albasa ɗaya, da man zaitun kofi ɗaya da rabi, da gishiri. A nan ana neman irin da ake kira Monalisa ko Kennebec, amma dankalin Jos zai yi, kuma idan man zaitun ya yi tsada man gyada mai kyau ya wadatar, sai dai ƙamshin ba zai zo ɗaya ba.

Inda mutanenmu ke ɓata ta shi ne wuta. Hannunmu ya saba da jiran mai ya yi zafi sosai kafin a zuba dankali, a ji ƙara, a kwashe shi ja. A tortiya ba haka ba ne: dafa dankalin ake yi a cikin mai, ba soya shi ba. Ki fere, ki yanka sirara kamar kaurin tsabar kuɗi biyu a haɗe, ki goge ruwan jikinsa da tsumma mai tsabta, ki zuba shi da albasar a man da ya ɗan yi ɗumi kawai. Ƙananan kumfa ne za su riƙa tasowa a gefe a hankali. Ki bar shi kamar minti 20, kina juyawa jefi-jefi, har sai bakin cokali ya raba shi ba gardama. Idan ya yi ɓawo, ba zai sha ƙwan ba, kuma in kika yanka wainar sai ta wargaje, dankali gefe ƙwai gefe.

Ki kwashe da matsami, ki bar man ya tsane, ki adana shi don wani girkin. Ki kaɗa ƙwan kaɗan, kada ya yi kumfa, don kumfa na sa waina ta bushe. Ki zuba dankalin da sauran ɗuminsa, ki sa gishiri, ki rufe minti 10 zuwa 15. Masu gaggawa kan tsallake wannan jiran, alhali a nan ne dankalin ke shan ƙwai har su zama abu guda.

Kasko mai faɗin santimita 22 zuwa 24 wanda ba ya kamu shi ya dace da wannan ma'aunin. Wanda ya fi haka zai ba ki waina falen-falen. Cokali ɗaya na mai, ki juye haɗin a ciki, wuta matsakaiciya, minti uku. Idan gefe ya kama kuma wainar na zamewa in kin girgiza kaskon, ki kifa faranti da ya fi kaskon faɗi, ki danne da tafin hannu, ki juya lokaci ɗaya. Mai jin tsoro ta juya rabi-rabi, ita ce ɗanyen ƙwai ke gangaro wa a hannu. Ki zame ta ta koma kasko, ki tura gefenta ciki da cokali, minti biyu ko uku.

Mutanen nan suna musu a kan albasa kamar yadda samarin gida ke musun Madrid da Barcelona. A garin Betanzos na yankin Galisiya ba sa sa ta, kuma sukan bar tsakiyar wainar ruwa-ruwa. A ganina da albasa ta fi daɗi. Batun ruwa-ruwan kuwa, a zafin Kano kada ki kuskura: ki dafa ta har ciki, saboda ɗanyen ƙwan da ya zauna a waje na jawo gudawa da amai.

Na biyu shi ne birabas, wato soyayyen dankali da ake zuba wa miya mai yaji, asalinsa na Madrid. Nan ne zafin man da kika saba zai yi amfani, amma sau biyu ake sa dankalin. Ki yanka shi ƙulu-ƙulu kamar girman goro ƙarami, ki dafa a mai marar zafi sosai minti 10, ki kwashe ya huce, sannan ki ƙara wuta ki mayar minti uku ko huɗu ya yi ɓawo. Suya ɗaya tak kan bar waje a ƙone, ciki da tauri.

Miyar da ake zubawa a kai ba ta buƙatar tumatir. Ki soya albasa ɗaya a mai cokali huɗu, ki sa fulawa cokali ɗaya ki juya minti guda, sannan ki sauke kaskon daga wuta kafin ki zuba garin tattasai babban cokali ɗaya da barkono ƙaramin cokali. Garin na ƙonewa nan take, kuma in ya ƙone miyar ta yi ɗaci ke nan, ba gyara. Nasu garin, fimenton na yankin La Bera, da hayaƙin itace ake busar da shi. Ke ki ɗan gasa busasshen tattasai kafin ki daka. Ki zuba romo kofi ɗaya sannu-sannu, ki mayar wuta minti 10, ki markaɗa. Wasu masu sayarwa da ƙashin alade suke yin romon, shi ya sa ko a waje mukan tambaya. A gida na kaza muke sawa.

A Barcelona ana ƙara aliyoli a kai, ma'anarsa tafarnuwa da mai. Ki daka tafarnuwa ƙwaya uku da gishiri a ƙaramin turmi, ki riƙa ɗiga mai kina juyawa gefe guda. In kika kwarara man zai tsinke. Hanya mai sauƙi ita ce ki cuɗa dakakkiyar tafarnuwar da mayonis. Miyar kuwa sai an zo ci za ki zuba, in ba haka ba ɓawon dankalin zai jiƙe kafin baƙi su wanke hannu.