Na Sabunta Manhajar Ƙiyasin Ma'adini, Lissafi Ya Canza: Wanne Zan Ɗauka?

Tambaya: Malam, muna binciken dutsen siminti a yankin Funakaye. An fitar da sabon zubi na manhajar da muke ƙiyasta yawan ma'adini da ita. Na ɗora, na maimaita lissafi da bayanan rijiyoyin gwajinmu na da, sai yawan tan ya saɓa da na farko. Wanne ne daidai? Daga wani ɗalibinka a Gombe.

Amsa: Ƙanena, kada ka miƙa ko ɗaya tukuna, sai ka gano inda suka rabu.

Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa bai motsa ba, lissafin ma ba sabo ba ne. Hanyar ƙiyasin da irin waɗannan manhajoji ke bi, wadda ake kira kirijin, ta samo sunanta daga Danie Krige, injiniyan Afirka ta Kudu da ya yi nazarin mahaƙun zinariya a 1951, daga baya Bafaranshe Georges Matheron ya kafa mata ƙa'ida a shekarun 1960. Ko Isatis.neo kake amfani da ita, ko Leapfrog Edge, ko Surpac, tushen ɗaya ne: samfurin da ke kusa da gurbin da ake ƙiyastawa ya fi na nesa tasiri a lissafin, bariyogiram kuma, wato zanen da ke auna kamannin samfura bisa tazararsu, shi ke nuna nisan da kamanni ke yankewa.

Abin da ya fi sauyawa a babban sabuntawa shi ne saitin da manhaja ke zuwa da shi. Buɗe tsohon aikin da sabon gefe da gefe. Duba faɗin da'irar neman samfur da inda ta karkata, mafi ƙaranci da mafi yawan samfurin da kowane gurbi zai ɗauka, tsawon da aka haɗe samfuran rijiya, da iyakokin da aka shata wa kowane shimfiɗin dutse. Tunda a tan ka ga bambancin, fara da iyakokin nan da nauyin dutse a kowace mita kubik. Shimfiɗin farar ƙasa yakan zo da laka a tsakani, layin iyakar ya ɗan gusa kaɗan sai tan ya hau ko ya sauka. Karanta takardar sauye-sauyen da kamfanin ya fitar ma, wani lokaci kuskure suka gyara, ka ga sabon ne mai gaskiya.

Daga nan ka gwada: cire samfur ɗaya ɗaya, bari manhaja ta ƙiyasta shi, ka kwatanta da abin da ɗakin gwaji ya bayar.

Abin da ke damuna shi ne matasanmu su ga taswira mai kyawun launi su ɗauka tabbaci ya ƙaru. Rijiyoyi masu nisa da juna ba za su ba ka matakin tabbataccen ma'adini ba, ko wace manhaja ce. A ƙa'idar JORC, wato ƙa'idar bayar da rahoton ƙiyasin ma'adini, ƙwararren da ya sa hannu shi ke ɗaukar alhakin lissafin.

Rahoton da kuka riga kuka fara, ku kammala shi da tsohon zubin, ku rubuta lambarsa da duk saitin a ciki, ku kuma adana kwafin aikin kafin ku koma sabon.